Malam Tukur da Rigunan Aron Jami'a

A shekarar da ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashin Udoji, Malam Tukur Ɗantsoho ya sayi Besfa, ya kuma daina cewa "ina aiki a ofishin Furobos", ya koma cewa "ni da Furobos".

Kwalejin da yake aiki tana arewacin Kaduna, reshe ce ta wata jami'a da ke wani gari. Kwaleji ke koyarwa, jami'a ke ba da digiri. Shugaban kwalejin shi ake kira Furobos, ofishinsa kuwa shi ne ƙofar da komai ke bi tsakanin wuraren biyu. Sakamakon jarrabawa sai ya sa masa hannu kafin ya je gaban majalisar farfesoshin jami'a, wadda suke kira Sanet. Ɗaukar sabon malami, ƙarin girma, buɗe sabon kwas, rigimar shugabannin sassa a kan ɗakin lacca, duk a teburinsa suke ƙarewa. Rabon Tukur a cikin wannan duka shi ne ya ɗauki fayil daga tiren hagu ya kai ciki, in an sa hannu ya dawo da shi tiren dama. Ya daɗe yana yi, kuma a yi masa adalci, ba kullum yake rikita hagu da dama ba.

Amma ba haka labarin ke isa unguwarsu Malali ba. Da la'asar sakaliya zai jingine Besfa a gindin dalbejiyar da Husaini mai shayi ke kafa teburinsa, ya zauna yana huci kamar wanda ya sauke buhu.

"Yau na ƙara wa malamai biyu girma," in ji shi. "Ɗaya kuma na ce ya jira baɗi."

"Kai ko Furobos?" Husaini ya tambaya yana fifita wuta.

"Husaini, wa ya kai fayil ɗin? In ban kai ba, a kan me zai sa hannun? A kan tebur?"

Mutanen benci suka ga akwai ƙanshin gaskiya a nan. Tun daga ranar yara ke kiransa Furobos na Malali, shi kuma bai taɓa hana su ba.

A shekarar nan ce aka yarda kwalejin ta yi bikin yaye ɗalibanta a filinta, maimakon a kwashe su zuwa jami'a kamar da. Jami'a ta aiko da aron rigunan malamai cikin akwatunan ƙarfe, ta kuma aiko da sanda: doguwa, mai kan azurfa, wadda mutum ɗaya ke ɗauka ya shige gaban kowa in an fito jerin gwano. Tukur ya ga sandar nan sau ɗaya, abinci ya fita ransa. Ya yi ta kewaya maganar, yana goge teburin da ya riga ya goge, har Furobos ya gane.

Furobos ɗin, Dokta Lawal, mutum ne mai tsimin magana. Kalmar da ya fi amfani da ita ita ce "to", ma'aikatansa kuma sun koyi bambanta wadda ke nufin "na gode" da wadda ke nufin "ka shiga uku".

"Malam Tukur," ya ce, "zan kai sakamakon jarrabawa gaban Sanet. Ba zan dawo ba sai safiyar Asabar, tare da shugaban jami'a. Rigunan nan amana ce. Ka buɗe su, ka rataye a inuwa su sha iska. In na same su lafiya, kai za ka ɗauki sanda."

"An gama, ranka ya daɗe. Ka ɗauka ka riga ka same su."

"To."

Kafin magariba duk Malali ta ji cewa ranar Asabar Tukur ne zai ja farfesoshi a baya, kuma kowa an gayyace shi.

Washegari ya buɗe akwatunan a gaban Malama Safiya, mai tafiretar ofishin, wadda aka ɗora wa jera malamai ranar biki. Akwai baƙaƙen riguna na masu digiri na farko da na biyu, akwai jajaye na daktoci. Kowace tana da abin ratayawa a wuya mai kama da jaka, cikinsa siliki: kore ga mai noma, ruwan ɗorawa ga mai kimiyya, fari ga mai adabi. Da waɗannan launuka ake sanin wa ya fi wa, wa zai tsaya ina. Warin kafur da na hunhuna ya bugi Tukur har ya ja da baya.

"Wannan ce suturar farfesoshi? Ba wanki, ba guga? Ko ɗan dakon Kasuwar Barci ba zai je Juma'a da wannan ba."

"Cewa aka yi su sha iska," in ji Safiya.

"Malama Safiya, Furobos mutum ne mai kawaici. Ba zai buɗe baki ya ce a wanke ba. Amma ranar da ya ga an wanke, zai san wa yake da shi a ofis."

"Zai sani kam."

Kafin ya fita ya leƙa bayan ƙofar Furobos, inda jar rigar Dokta Lawal ta kansa take rataye cikin leda. Ita ya sa ranar da aka ba shi digirin dokta a ƙasar waje, kuma ko masinja ba ya barin ya kaɗe mata ƙura. Tukur ya ga ba daidai ba ne a wanke na kowa a bar ta maigida. Ya cusa ta a akwati.

Alhassan mai wanki yana da wurinsa a bakin kogi, gangaren Malali. Shi ma ba baya ba ne wajen cika baki.

"Ni da na wanke wa Turawan mulki kwat?" ya ce. "Kawo. Yadi duk yadi ne, ruwan zafi ke ladabtar da shi."

Ya ɗora rabin duro a kan murhu, ya yanka sabulun soda a ciki. Da ruwa ya tafasa ya ɗan tsaya.

"In raba jajayen daban?"

"Ka raba su? Alhassan, a wurinmu ilimi ɗaya ne. Zuba."

Ya zuba. Ya juya da itace kamar mai tuƙa tuwon biki. Ruwan ya yi ja, ya koma baƙi, sannan ya tsaya a wani launi da ba shi da suna. Da aka shanya a kan duwatsu, jajayen riguna sun koma kalar hanta, baƙaƙen sun koma kalar toka, silikin wuya duk ya zama ruwan shayin da aka yi wa ƙwauron madara. Rigar Furobos, da yake ulu ce zalla, ta tsuke har ta zama kamar ta ƙaninsa.

Matan da ke ɗibar ruwa suka tsaya kallo. Wata tsohuwa ta tambaya ko gidan yari ne suka ba da wanki.

Alhassan ya ɗaga riga ɗaya da yatsu biyu, ya girgiza kai. "Yadin ne ba shi da tarbiyya. Ni dai na yi nawa."

Tsoro ya kama Tukur. Amma Allah ya yi shi mutum ne da tsoro ba ya daɗewa a jikinsa. Kafin ya tayar da Besfa ya riga ya ga cewa abin da ya faru dama ce. Rigunan da ma sun tsufa. Abin da suke bukata rini ne.

Ya yi hayar a-kori-kura zuwa Rigasa, wurin Malam Sulaiman marini, wani Bakano mai karofi a bayan gidansa, hannuwansa shuɗaye har gwiwar hannu.

"Waɗannan a mayar da su baƙi," Tukur ya ce, "waɗannan kuma ja."

"Yallaɓai, nan baba muke da shi. Abin da ya shiga ramin nan shuɗi yake fitowa. In na yi ta tsomawa dai, zai yi duhu har ka rantse baƙi ne."

"Jajayen fa?"

"Su ma."

Tukur ya yi tunani na ɗan lokaci. Ja, in aka duba, kalar 'yan kwana-kwana ce. "Tsoma duka."

"In an gama a kai wa mabuga su buga da shuni? Zai yi ƙyalli kamar gilashi. Sai dai shuni yana zuba a jiki, shi ne ma adonsa. Wanda ya sa, a gan shi a san ya sa."

"Abin da nake nema ke nan! Manyan mutane ne, Malam Sulaiman. A zuba musu, kar a yi ƙwauro."

Ba a yi ƙwauro ba.

A ofis kuwa Safiya ta ƙi barinsa ya sha ruwa.

"Malam Tukur, ina rigunan?"

"Suna shan iska."

"A ina?"

"A wuri mai iska."

"To ka dawo da su da wuri. Da launin riga da na wuya zan jera mutane. In ka sa mai digiri ɗaya a gaban dokta, rigimar da za a yi sai ta kai Sanet. Ka manta abin da aka yi bara a kan kujerun ɗakin shan shayi?"

Bai manta ba, shi ya ɗauki fayil ɗin, kuma sai da ya yi masa hannu biyu. A nan ne ya tuna cewa yanzu duk rigunan launinsu ɗaya. Ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Sai fuskarsa ta washe. Tun kafin Bature ya zo da launukansa, ai mutanen ƙasar nan sun san yadda ake bambanta babba da yaro a riga: aiki.

Ranar Alhamis ya kwashi rigunan daga wurin mabuga, suna walƙiya suna ƙara kamar takarda, ya kai su Kinkinau shagon Sani tela, mai keken surfani.

"Wannan 'yar guntuwar ta Furobos ce, a yi mata aska takwas. Na daktoci aska biyu. Sauran a bar su haka, su ƙara karatu."

"Waɗanne ne na daktocin?"

Tukur ya dubi tarin. Tarin ya dube shi. "Ka zaɓi masu kyau."

Sani ya ɗaga ɗaya ya juya ta. "Wa ya ɗinka muku wannan? Ai bai gama ba. Gaba a buɗe tun daga wuya har ƙasa, ba maɓalli, ba aljihu."

Akwai hoton Dokta Lawal a bangon ofis sanye da rigarsa a buɗe, Tukur kuma ya daɗe yana ɗauka zafi ne ya dame shi ranar.

"Ka ga aikin Turawa ko? Komai gaggawa."

"In rufe?"

"Rufe. Ka sa aljihu babba. Farfesa ina zai sa goronsa?"

"Allah ya ja zamanin Furobos na Malali," in ji Sani, ya taka keke. Kafin ya gama ta farko yatsunsa sun yi shuɗi, zaren bakinsa ma haka.

Asabar ta waye da zafi mai nauyi, irin na ƙarshen bazara, hadari yana taruwa a gabas yana fasawa. An kafa rumfuna a filin ƙwallo. Iyayen ɗalibai sun cika benci cikin fararen kaya, 'yan badujala suna gwada ƙahoninsu. Mutanen Malali sun zo mota guda, Husaini a gaba da sabuwar hula, tare da Alhassan da Sulaiman da Sani, waɗanda Tukur ya gayyata su ga aikinsu a jikin manya. Suka tarar da kujeru masu taushi a layin farko babu kowa, suka zauna.

Ɗakin da malamai za su sa riguna ma'ajiyar littattafai ce mai taga ɗaya, wuta kuma ta ɗauke tun safe. Tukur ya iso a makare, da gangan, don kar a ga abin mamakin da wuri. Kowace riga naɗe take a takarda yadda mabuga ke yi. Ya buɗe ta farko, ta yi wal a cikin duhu.

"Kai!" wani ya ce. "Jami'a ta yi sababbi?"

"Ofishin Furobos ne ya ɗan taɓa su," in ji Tukur, yana kallon silin.

Sai aka shiga neman gaban riga. Wani Ba'indiye malamin lissafi ya juya tasa sau da yawa, ya ce shi a iya saninsa kowace riga tana da mashiga. Tukur ya nuna masa yadda ake yi: ta ka, kamar kowace rigar mutunci. Lokaci ya ƙure, ba mai zarafin musu. Ɗaki ya cika da manyan malamai hannuwa sama, kawuna a cikin yadi, suna karo da kantoci suna neman wuyan riga da goshinsu.

Da kawuna suka fito sai sabuwa ta tashi. Dokta Yahaya, shugaban sashen tarihi, mutum mai furfura da littattafai a kasuwa, ya tsinci kansa cikin riga lami. Kusa da shi wani mataimakin malami da aka ɗauka bara yana shafa aska biyu a ƙirjinsa.

"Kai, yaro, wannan aikin na mene ne?"

"An ce na daktoci ne, Yallaɓai."

"Yaushe ka zama dokta?"

"Ita na samu a sama, Yallaɓai."

"Cire."

"Wallahi da ƙyar na shiga. In na ce zan fita sai an kira telan da ya ɗinka."

"Wane tela?"

"Yana waje, layin farko," in ji Tukur cikin taimako.

Safiya ta tsaya a bakin ƙofa tana duban jakunkunan wuya, kore da ɗorawa da fari duk sun zama abu ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Tukur, bismilla. Jera su."

Tukur ya tafa hannu. "Jama'a, abu mai sauƙi! Gajeru gaba, dogaye baya."

Dokta Yahaya, wanda Allah bai ba tsawo ba, ya fara wata magana da Ingilishi wadda ba a koyarwa a aji. Ana cikin haka Furobos ya shigo da sauri. Ya baro shugaban jami'a a baranda, shi shugaban yana sanye da rigarsa ta kansa, fara sol mai zaren zinariya.

"Ina jar rigata? Ba ta bayan ƙofa."

"Ga ta, ranka ya daɗe."

Dokta Lawal ya karɓi abin da aka miƙa masa. Ya kai shi bakin taga. Ya dubi aska takwas, ya dubi aljihu. Ya juya wuyan, ya ga sunansa da matarsa ta ɗinka da zare shekarun baya, yanzu shuɗi cikin shuɗi. A waje badujala ta ɓarke.

"To," ya ce. Waɗanda suka san shi suka matsa jikin bango.

Ba yadda zai yi ya fita gaban shugaban jami'a ba riga. Ya zura ta ta ka, ta tsaya masa a cinya. Ya juyo yana cewa, "Malam Tukur, ajiye san..." amma Tukur, cikin rigar da ya ware wa kansa wadda ta fi kowace shan shuni, ya riga ya rungumi sanda ya fice.

Ya yi tambaya tun da wuri, an gaya masa mai ɗaukar sanda ba ya waiwaye. Wannan doka ɗaya ya kiyaye ta sosai. Ya taka a hankali, ƙirji gaba, sanda a kafaɗa, idonsa a kan dandamali. Da jerin ya fito rana sai filin ya yi tsit, sannan wata irin hayaniya ta tashi daga benci zuwa benci. Tukur ya ji ta, ya ƙara rage sauri don jama'a su more.

Abin da jama'a ke gani shi ne malaman kwaleji a jere kamar matakala, kowanne da shuɗin zane daga goshi zuwa haɓa, inda wuyan riga ya bi ya wuce. Kowane malami ya ga fuskar na kusa da shi, ya danne dariya, ya gode wa Allah da tasa lafiya. Zufa ta fara. Aka sa hannun riga aka share. Wanda ya share sau ɗaya ya zama kamar an mare shi, wanda ya share sau biyu sai idanu da haƙora.

"Ka ga ƙyalli!" Sulaiman marini ya zunguri Alhassan. "Ka ga yadda yake zuba? Na gaske ke nan."

A kan dandamali shugaban jami'a, wanda ya zo daga baya bai ga gaban kowa ba, ya juyo don ya taya Furobos murnar bikinsu na farko. Mutum ne mai fara'a, kafin idonsa ya gaya masa komai ya riga ya buɗe hannuwa ya rungume shi. Da suka rabu, ƙirjin farar rigarsa ya yi shuɗi, zanen aska takwas ya fito fes a tsakiya, fari, a juye.

Aka daure aka ci gaba. Ɗalibai suka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya, Furobos ya ba kowa hannu ya miƙa masa takardar shaida, kowace da sawun babban yatsansa a kusurwa. Ɗalibi ya sauka ya faɗa jikin mahaifinsa, mahaifi ya ba maƙwabcinsa hannu. Kafin a kai rabin suna, shuni ya kai benci na ƙarshe. Tukur yana tsaye ƙasan dandamali, fuskarsa ga jama'a, sanda a hannu, yana gyaɗa wa 'yan Malali kai.

Sai hadarin nan da ya yi ta fasawa ya yanke shawara. Iska ta ɗage rumfar dandamali ta ajiye ta a bayan gola, ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Rigunan suka saki abin da ya rage musu. Shuɗin ruwa ya bi wuya ya shiga kaftani, ya bi wando ya cika takalmi, ya gangaro matakala ya yi ƙorama zuwa layin farko. Wata Baturiya da ke koyar da Ingilishi ta dubi hannuwanta ta zauna a hankali. Dokta Yahaya ya cire tabarau, sai ga da'ira biyu masu tsabta a fuskarsa.

Lasifikar da batirin mota take aiki, ruwa bai kashe ta ba. Shugaban jami'a ya sunkuya wajen Furobos, bai lura bakinsa na kusa da ita ba, tambayarsa ta karaɗe filin:

"Furobos, wa ya yi wa rigunan jami'a wannan aiki?"

Mutanen Malali sun daɗe suna jiran a zo wurin yabo. Suka miƙe gaba ɗaya.

"Malam Tukur ne! Namu ne!"

"Ni na wanke, ranka ya daɗe!" Alhassan ya ɗaga hannu. "Bakin kogi, kowa ya san ni!"

"Rini nawa ne! Rigasa, bayan masallaci!"

"Ɗinki da aljihu, Sani, Kinkinau!"

Husaini ya ga an bar shi a baya, shi da ya fi kowa sanin tarihin. Ya hau kujera mai taushi, ya kewaye baki da tafin hannu.

"Ranka ya daɗe, ai shi ke riƙe da kwalejin nan! Shi ke ƙara wa malamai girma! Furobos sa hannu kawai yake yi!"

Ko ruwan sama kamar ya sassauta don ya ji abin da zai biyo baya.

A nan ne Tukur ya karya dokar mai sanda, ya waiwaya. Ya ga mutum kusan talatin, shuɗaye, suna ɗiga, duk idonsu a kansa. Ya ga aska takwas a ƙirjin shugaban jami'a. Ya ga Dokta Lawal yana saukowa daga dandamali cikin rigar da ba ta rufe masa gwiwa ba, ba gaggawa, har ya tsaya a gabansa ya miƙa hannu.

"Sandar."

"Ranka ya daɗe, in aka bar shi ya bushe..."

"Sandar, Malam Tukur."

Ya miƙa. Furobos ya ɗora ta a kafaɗarsa, ya ja jerin gwanon da kansa zuwa ma'ajiyar littattafai. 'Yan badujala, da ba a gaya musu su daina ba, suka raka su da kiɗa. Tukur ya tsaya a tsakiyar fili hannu wofi, ruwa yana wanke shi, shunin ba ya fita.

Mako guda ana gane wanda ya je bikin a ko'ina cikin Kaduna: a layin banki, a sahun masallaci, a tashar Kawo.

Ranar Litinin Furobos ya kira shi. Bayan kunnuwan Dokta Lawal har yanzu da saura.

"Malam Tukur, ka san ƙa'idar ofishin nan. Duk abin da zai tafi jami'a, da bayani yake tafiya."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Ni ke kai fayil ɗin."

"Wannan karon kai ne fayil ɗin. Jibi za ka bi akwatunan. Sanet tana son ta ji daga bakin wanda ya yi. In ka dawo ka wuce gonar kwaleji, suna neman akawu a sashen kaji."

"Sandar fa, baɗi?"

Dokta Lawal ya dube shi. Safiya ta daina buga tafireta don kar ta rasa komai.

"To," in ji Furobos, ya nuna masa ƙofa.

Da la'asar Tukur ya jingine Besfa a gindin dalbejiya. Benci ya cika fiye da kullum. Ya zauna, ya yi hucinsa na wanda ya sauke buhu.

"Sanet ta aiko a kira ni," ya ce. "Farfesoshi zalla, za su zauna su yi shiru in yi magana. Furobos sai da ya yi digiri uku kafin su ba shi wannan dama. Daga nan kuma an ba ni sashe guda in riƙe."

"Sashen me?" wani ya tambaya.

"Ɗalibansa sun fi na kowane sashe yawa. Husaini, shayi."

Husaini ya dubi hannuwan Tukur, ya dubi fararen kofunansa da ke kife a tire. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya lalubo wani tsohon gwangwanin madara, ya ɗauraye, ya cika shi.

"Riƙe wannan tukuna, Furobos," ya ce, "har ka koma kalarka."